Karen da Ke Kai Sallama

Ku yaran yanzu in aka ce muku sana'ata gyaran kare ce sai ku kama dariya. Shekaranjiya wani cikinku ya ce mini, "To Baba Arzika, ina aiki cikin wanga? Kare ya yi haushi, ka ɗauki dutsi, magana ta ƙare." Na ce masa madalla, ya je ya ɗauki dutsen, gobe ya dawo ya ba ni labari. Karen da aka jefa yakan yi shiru na ɗan lokaci, daga nan ya ƙara wani haushin a kan na da. Jiya baƙo kaɗai yake wa haushi, yau baƙo da mai dutse.

Ni ba a gari na koyi aikin nan ba. A Kiyeshe na tashi, hannun kawuna Tankari, wanda maharbi ne. Shi maharbi ba abin da ya tsana irin kare mai baki, don haushi ɗaya ya isa ya tashi garken zabi tun ba ka ɗana kibiya ba. Amma duk zamana da Kawu ban taɓa ganin ya daki kare ba, ban kuma taɓa jin ya yi masa tsawa ba. In kare ya ji motsi ya buɗe baki, sai Kawu ya juya ya dubi inda karen ke duba, kuma da gaske yake duban, ba na ganin ido ba. Sa'an nan ya ɗora hannu a wuyansa ya ce, "Na jiya," wato na ji. Shi ke nan karen ya yi shiru.

Wata rana na tambaye shi ko magani yake shafawa a hannun. Ya harare ni.

"Kai in ka zo da labari ka hwaɗi, ba wanda ya tanka maka, mi kaka yi?"

Na ce, "In sake hwaɗi."

"In anka yi maka tsawa hwa?"

"In ɗaga murya."

"To shi ma hakanan. Labari ya kawo maka. Amsa mai."

Abin da na ci abinci da shi ke nan har na tsufa. Sauran duk ƙari ne.

Na shigo Dogon Dutsi a shekarun farko na mulkin kai, ina kawo zabi kasuwa da wata karyata baƙa, Duna, wadda ke kwanciya gefen kayana ko tari ba ta yi. Lokacin Turawa na ta tattara nasu ya nasu, ƴan ƙasa na shiga gidajen siminti masu ƙyauren katako da tagar gilashi. Wasu har da kare aka bar musu, haɗe da kujeru da tebur. Su kuma ƴan kasuwa da suka ga haka, kowa ya nemo kare ya ɗaure a bakin kanti. Sai gari ya cika da haushi. A ƙauye kare na kwance bayan danga, yana ganin mai zuwa ta tsakanin kara, yana jin ƙanshinsa tun daga nesa, ya san ko wane ne. A gidan siminti kuwa, ta ƙofa yana jin motsi ba ya gani, ta taga yana gani ba ya jin ƙanshi. Ko mutum aka yi wa haka sai ya yi ihu. Matan ma'aikata suka fara tsayawa kan kayana suna tambaya me na ba Duna, daga nan aka fara aiko mini.

Kayan aikina ba su cika hannu ba. Igiyar rama mai laushi wadda ba ta cin wuya. Burgame cike da ƙuli-ƙuli da na farfasa ƙanana, don in ka ba kare babba zai tsaya tauna ya manta abin da ya sa aka ba shi. Guntun zana, da dunƙulen farar ƙasa. Bulala ban taɓa riƙewa ba, kuma gidan da na tarar an rataye ta nakan ce a sauke kafin in zauna.

Aikina na farko gidan wani komi ne, wato akawun ofishin kumandan mai mulkin gari. Karensa lafiya lau yake wuni, amma da magariba ta yi aka kunna fitila sai ya tsaya gaban taga ya yi ta haushi har muryarsa ta dushe, alhali ba kowa a waje. Mutanen gidan suka ce doguwa yake gani. Har sun kirawo wata tsohuwa ƴar bori ta yi turare. Ni ma da na zauna na ga abin, tsikar jikina ta tashi, don ni ɗan Arewa ne, ƙasar bori, ba na wasa da irin wannan. Da ƙyar na daure na durƙusa daidai tsayin karen na dubi tagar. Sai ga wani ƙato mummuna ya zuro mini ido, da kare a gefensa. Sai da na ɗaga hannu ya ɗaga nasa na gane ni ne. Na jiƙa farar ƙasa na shafe rabin gilashin na ƙasa, kare ya yi kwanciyarsa. Matar gidan ta ce turaren tsohuwa ne ya ci, ni kuwa ban yi musu ba. Tun daga ranar ba na fara aiki sai na durƙusa na ga abin da karen ke gani.

Haka na yi ta yi, gida gida. Wani karen taga za a tare masa da zana, wani wurin kwanciyarsa za a janye daga bakin ƙofa, wani kuma zaman banza ne ya ishe shi, in aka fita da shi bayan dutse ya yi gudu ya gaji sai ya dawo ya yi barci. Mafi yawa masu karen nake gyarawa, ko da yake ba na faɗa musu.

Sai shekarar mahaukatan karnuka ta zo. Bayan kaka ne aka ce wani kare ya fito ta wajen garin Ɗan Kassari ya ciji jakuna da awaki, ya ciji mutum. Tsoro ya kama gari. Aka ba gardi, masu jar hular nan na kumandan, umarni cewa duk karen da aka gani yana yawo, da duk wanda maƙwabta suka kai ƙararsa, a fita da shi bayan gari. Wanda aka fita da shi ba ya dawowa. Sana'a ta mutu murus, don wa zai kira mai gyara alhali ga hanyar rabuwa da kare a banza? Karnukan da na sha wahala a kansu, masu su da hannunsu suka miƙa su. Na kai Duna Kiyeshe na ɗaure ta gidan Kawu, na dawo na koma saran itace.

Cikin wannan hali Inna Saratu ta aiko a kira ni. Kirista ce, gwauruwa, tana ɗinki a wani ɗaki kusa da mishan. Mijinta ya yi wa fadojin cocin aikin kuku har ya rasu, ya bar mata ɗakin da keken ɗinki na ƙafa. Ɗanta guda, Daniyel, yana aiki a Yamai, babban birni. Daga ita sai karenta Barsu, wani ja mai yagaggen kunne da murya kamar ganga. Maƙwabcinta Mushe Isufu, malamin lakkol, wato makarantar boko (Mushe muke ce wa malamanta, irin na Faransa), shi ya kai ƙara, don matarsa Zalika na da ɗanyen goyo, kuma Barsu ba ya barin jaririn ya runtsa. Gardi ya riga ya zo ya ga karen, ya ce in ya gama da unguwannin yamma zai zagayo, in ya tarar da haushin nan zai tafi da shi.

Da na je, da ƙarfi Inna take magana, idonta a kan bakina.

"Arzika, ka rufe mai baki, ko mi za ka yi. In sunka ɗauke shi ban san yadda zan yi ba."

Na ce ta ci gaba da aikinta, yau kallo kawai na zo yi. Na sami gindin bango na zauna.

Haushin taga bai dame ni ba, wannan na masu wucewa ne, guntun zana ya ishe shi. Na ƙofa ne ya tsaya mini a rai. Wata mata ta zo da atamfa a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama. Shiru. Ta sake yi. Kun dai san mu, ko ƙofa a buɗe take mutum ba ya sa ƙafa sai an amsa masa, sai matar ta tsaya cikin rana tana jira. Nan Barsu ya miƙe ya fara. Amma da na durƙusa na duba, ba matar yake wa haushi ba. Bayansa ne ga ƙofa, fuskarsa ga Inna. Ya yi ta yi har ta ɗago kai, kuma tana ɗagowa ya yi tsit ya kwanta.

Inna ta dube ni ta ce, "Ƙarar keken ga ce, ba ta bari in ji."

Na jira har ta tsai da keken tana neman sa zare a allura, ɗakin ya yi shiru, na tsaya bayanta na ce, "Inna, a ba ni ruwa in sha." Ko motsi ba ta yi ba. Na zagayo gabanta na tsuguna inda za ta ga bakina.

"Inna, tun yaushe?"

Ta ajiye allurar.

"Tun wani zazzaɓi da na yi, damanar da ta wuce. Kunnen dama ya tahi duka, na hagu saura kaɗan. Muryar Barsu kaɗai ke kai mini." Ta kama hannun rigata. "Kada Daniyel ya jiya. In ya jiya zai zo ya kwashe ni ya kai ni Yamai ya aje ni cikin ɗaki kamar tsohuwar tukunya. Nan anka rufe mijina, nan nika son zama."

Tausayinta ya kama ni sosai. Na kuma ga inda aikin ya tsaya. Rufe bakin Barsu ba wuya, amma in na rufe shi na rufe mata ƙofa, masu ɗinki su yi sallama su gaji su koma wajen wani tela. In kuma na bar shi, gardi ya tafi da shi. Ko ta ina ƙarshenta Yamai. Na ce mata ba za mu hana shi kawo labari ba, hanyar kawowa za mu sake masa.

Na ɗaura zana a taga. Na ɗauke tsummansa daga bakin ƙofa na shimfiɗa gefen keke. Saura mai yin sallama, don ni ba zan iya zama a ciki da waje lokaci guda ba. Na ce Zalika za mu roƙa. Inna ta ɓata fuska ta ce, "Su da sunka kai ƙara?" Na ce wa kuma ke gida wuni guda in ba ita ba? Da ƙyar ta yarda in faɗa wa Zalika gaskiya.

Zalika na jin bayanina ta saki muciyar da ke hannunta ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Ni hwa kullum in na gaishe ta ta kan danga sai ta yi banza da ni. Na ɗauka don addininmu ba ɗaya ba ne taka ƙyale sallamata. Har na ce ma Mushe matar ga girman kai gare ta." Ta goge ido da bakin zane, ta saɓa jaririnta a baya, ta riga ni fita.

Ga yadda muka yi, ku saurara, ku da kuke cewa ba aiki. Zalika ta tsaya waje ta ce, "Salamu alaikum." Barsu na buɗe baki sai in sa masa dunƙulen hannuna mai ƙuli-ƙuli a hanci, in ja shi da ƙanshin har kafaɗarsa ta dafa ƙwaurin Inna, inda ƙafarta ke taka keke. Ita kuma ta tsai da keken, ta ɗora hannu a wuyansa, ta ce, "Na jiya," ta tashi ta je ta amsa. Sai bayan ta amsa yake samun ladansa. Kafaɗa na nace a kai, ban yarda da baki ba. Yawancin masu kawo mata ɗinki Musulmi ne, da kayan za su yi salla, in aka ga yawun kare kusa da atamfa ko sau ɗaya ne, cinikinta ya ƙare.

Kada ku ɗauka abin ya tafi sumul. Barsu ya gane wayo, ya fara zuwa yana dafa ta ba wanda ya yi sallama, yana kallon burgamena. Dole muka riƙa yin kamar ba mu gan shi ba har ya gaji. Da wannan ya wuce sai muka tarar muryar Zalika kaɗai ya sani, in wani ne ya koma gidan jiya. Muka shiga tare mutane a hanya, Fulani masu tallan nono, da masu tafa hannu maimakon sallama, da tsofaffi masu cewa gafara dai. Muryar maza ta yi mana ƙaranci, sai Zalika ta jawo mijinta. Ku ga Mushe Isufu da farar rigarsa, alli bai bar hannunsa ba, yana tsaye yana rafka wa kare sallama, ɗalibansa na leƙe ta kan danga. Ya yi, kuma bai yi ƙorafi ba. Amma wallahi na fi shan wahala da Inna a kan karen. In tana tsakiyar ɗinki Barsu ya dafa ta, sai ta ture shi da ƙafa ta ce bari ta kai ƙarshen layi. In ce, "Inna, in ba ki amsa mai ba zai koma ihu." Ta ce, "Kai dai ka cika hwaɗa." Amma ta tashi.

Mushe Isufu ya je ya ce ya janye ƙararsa. Gardin ya ce magana ta riga ta shiga, sai ya gani da idonsa.

Da hantsi ya zo, wani dogon Bazabarme, bindiga a kafaɗa, igiya a hannu. Ina cikin ɗakin a gindin bango, kuma na riga na yi wa kaina alkawarin ba zan motsa ba, don in sai ina nan karen ke yi to bai koya ba. Inna na kan keke, bayanta ga ƙofa, ba ta san an zo ba. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne igiyar nan. Ta sha wuyan karnuka da yawa, kuma Barsu ya ji ƙanshinsu. Gashin bayansa ya miƙe, ya fara gurnani.

Gardin ya yi gaisuwar Zabarma ya ce, "Fofo. Salamu alaikum."

Barsu ya saki haushi guda, irin mai girgiza kwano. Na ga hannun gardin ya fara warware igiya. Karen ya tsaya, ya dubi ƙofa, ya dubi Inna. Sai ya juya, ya taka a hankali, ya jingina kafaɗarsa da ƙwaurinta. Keke ya tsaya. Ta ɗora hannu a wuyansa.

"Na jiya."

Ta tashi ta gyara ɗaurin kallabinta ta fito. "Amin, alaikumus salam. Sannu da zuwa."

Sai gardin ya ce ta koma ta zauna. Ya fita har bakin hanya, ya dawo ya sake sallama. Barsu ya sake kai ta, wannan karon ko gurnani babu. Mutumin nan da gari duka ke tsoro ya yi ta fita yana dawowa yana dariya kamar ƙaramin yaro, har sai da Zalika ta leƙo ta ce masa ƙafar tsohuwa hwa za ta gaji. Ya naɗe igiyarsa, ya tambayi Inna ko za ta iya kama masa aljihun wando da ya yage.

Inna Saratu ba ta je Yamai ba. Ta yi shekaru a ɗakinta tana ɗinki, kunnen hagun ma ya bi na dama, amma ba wanda ya ƙara tsayawa cikin rana a ƙofarta. Jaririn Zalika a gindin keken nan ya koyi tafiya, yana dafa bayan Barsu.

Da ta rasu aka aiko mini. Daniyel ya zo daga Yamai, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mutane na ta zuwa gaisuwa, na coci da na masallaci. Barsu ya tsufa, bakinsa ya yi fari, ƙafar baya na ja. Duk wanda ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, sai ya miƙe da ƙyar ya shiga ɗaki ya jingina da kujerar keke. Ya jira. Ya fito ya dubi ƙofa, ya koma ya sake jingina. Mutane na amsa wa baƙi daga tsakar gida, amma shi ba wanda ya amsa masa. Can sai ya tsaya gaban kujerar ya fara haushin nan na da, wanda na yi shekaru ban ji ba. Wani ya ce a fitar da karen nan. Zalika ta dube ni, hawaye na bin fuskarta.

Na tashi na shiga ɗakin na zauna a kan kujerar, ni da ko zare ban iya sa wa allura ba, na ɗora ƙafata inda take ɗora tata. Ba a jima ba wata mata ta yi sallama a waje. Barsu ya dube ni. Ya tako a hankali ya jingina kafaɗarsa da ƙwaurina. Na ɗora hannu a wuyansa na ce, "Na jiya, Barsu." Na tashi na je na amsa.

A kan kujerar nan na zauna har aka watse zaman makoki.